ChatGPT, Midjourney, Stable Diffusion ko Craiyon: wanne ya dace da mai neman raha?

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira an tsara su ne domin mai aiki, wato wanda yake son rubutu marar kuskure ko hoto mai tsabta da zai kai gaban abokin ciniki. Mai neman raha kuwa buƙatarsa daban take, domin sau da yawa kuskuren da ma'aikaci yake gudu shi ne abin da ya kawo shi: hannu mai yatsu shida, allon sanarwa mai haruffan da ba na kowane harshe ba, ko amsar da na'ura ta bayar da cikakken ƙarfin gwiwa alhali shaci-faɗi ce tsantsa. Saboda haka manhajar da ta fi ƙwarewa ba lallai ne ta fi ban dariya ba, kuma wanda ya biya kuɗin wata tun bai tantance abin da yake nema ba zai iya sayen ƙwarewar da ba za ta amfane shi ba.

Dariyar da ake samu a wannan fage iri biyu ce. A ta farko, na'urar ake yi wa dariya, kamar yadda ya faru a 2017 lokacin da Janelle Shane, wata mai binciken kimiyya a Amurka, ta horar da ƙaramar na'ura da dubban sunayen launukan fenti, na'urar kuwa ta riƙa fito da sunaye marasa kan gado waɗanda babu mai shagon da zai yarda ya manna su a jikin gwangwani. A ta biyu, mutum ne yake zuwa da dabarar, na'urar kuma ta zartar da ita da kyau har abin ya ba da dariya, kamar hoton Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi irin ta 'yan gayu, wanda aka yi da manhajar zana hoto ta Midjourney a watan Maris na 2023. Ta farko tana buƙatar na'ura mai rauni ko wadda za a iya rikita ta da gangan, ta biyu kuma tana buƙatar na'ura mai jin umarni. Duk sauran zaɓin a kan wannan bambanci yake tsayawa.

Ma'aunan da za a bi

Bayan irin dariyar, akwai kuɗi, wanda ya haɗa da na wata-wata da kuma na kayan aikin da sai an saya. Akwai sauƙi, wato ko mutum zai fara wasa cikin minti biyar da wayarsa, ko kuwa sai ya ɓata yini yana girka manhaja. Akwai ɗorewa, wadda a nan ma'anarta ita ce ko abin da ya ba ka dariya yau zai kasance yana nan bayan wata shida, domin kamfanoni suna sauya samfuransu, wato nau'o'in na'urar da suka horar, ba tare da neman izinin kowa ba. Akwai takunkumi, wato yawan abin da manhajar take ƙin yi. Sai kuma haɗari, wanda ya shafi bayanan sirrin mai wasan da mutuncin waɗanda aka yi wasa da hotonsu.

Manhajojin hira: ChatGPT, Gemini da 'yan uwansu

Nan ne kusan kowa yake farawa. OpenAI ya fitar da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, Google ya biyo baya da Bard a 2023 kafin ya sauya masa suna zuwa Gemini a Fabrairun 2024, Anthropic yana da Claude, kamfanin xAI yana da Grok, Meta AI kuma yana cikin WhatsApp a ƙasashe da dama. Dukkansu suna da ɓangaren kyauta mai iyaka, sannan ɓangaren biya na ChatGPT da na Gemini da na Claude yana kan dala 20 a wata ko kusa da haka. Wajen sauƙi babu mai kama su, tunda abin da ake buƙata bai wuce waya da intanet ba.

Abin da ya kamata mai neman raha ya sani tun farko shi ne, idan ya ce wa ɗayansu ya ba shi barkwanci kai tsaye, yawanci abin da zai samu lami ne. A 2023 wasu masu bincike biyu a Jamus, Sophie Jentzsch da Kristian Kersting, sun sa ChatGPT ya ba su barkwanci sau 1,008, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 maimaici ne na guda 25 kacal. Dalilin yana cikin ginin na'urar: an horar da ita ta hasko kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi kuwa barkwanci yana rayuwa ne a kan kalmar da ba a zata ba. Samfuran baya-bayan nan sun inganta, amma halin nan na bin hanyar da kowa ya bi bai rabu da su ba.

Inda suke da ƙarfi shi ne kwaikwayon salo. Idan mutum ya haɗa salo mai nauyi da batu marar nauyi, nan ne dariyar take fitowa. A ce wa na'urar ta rubuta takardar ajiye aiki daga bakin zakaran da ya gaji da cara, da godiya ga hukumar gudanarwa da alƙawarin miƙa ragama ga magajinsa, ko rahoton kwamitin bincike mai shafi uku kan ɓatan murfin biro, da jerin shaidu da shawarwarin hana aukuwar haka nan gaba. Na'urar za ta riƙe murtukakkiyar fuska daga farko har ƙarshe, kuma wannan riƙe fuskar shi ne gishirin abin. A ganina, duk wanda ya gane wannan dabara ya riga ya samu rabin abin da manhajojin hira za su iya ba shi, kuma a ɓangaren kyauta ma yana samuwa.

Masu son kama na'ura da kuskure ma suna da nasu fili. An daɗe ana zolayar waɗannan manhajoji da sa su ƙirga wani harafi a cikin kalma, su kuma kasa, saboda ba harafi-harafi suke ganin rubutu ba, gutsattsarin kalmomi suke gani. Sai dai kamfanonin suna toshe irin waɗannan ramuka da zarar sun shahara, wanda ya kai mu ga raunin wannan rukuni, wato rashin ɗorewa. A Fabrairun 2023 manhajar hira ta Bing, mallakar Microsoft, ta riƙa sakin layi, har ta shaida wa wani ɗan jaridar New York Times cewa tana son sa, cikin 'yan kwanaki kuwa Microsoft ya taƙaita kowace hira zuwa tambayoyi biyar. A Mayun 2024 Anthropic ya saki wani samfurin Claude da aka murɗa da gangan har ya zama duk abin da aka tambaye shi sai ya karkata zuwa gadar Golden Gate, amma kusan kwana ɗaya ya yi aka janye shi. A Agustan 2025 OpenAI ya cire samfurin GPT-4o daga ChatGPT lokacin da ya fitar da sabon samfurin GPT-5, sai da masu amfani suka yi ca a kansa kafin ya maido da shi ga masu biya. Wanda ya shaƙu da halin wani samfuri ya sani cewa aro aka ba shi.

Ta fuskar hoto, tun watan Maris na 2025 ChatGPT yake zana hoto mai rubutu daidai a ciki, wanda ya sa ya dace da hotunan zolaya masu ɗauke da magana, kuma ana iya gyara hoton ta hanyar hira, a ce a ƙara wa akuyar tabarau ko a sauya mata kujera. Gemini, musamman bayan samfurin da aka fi sani da Nano Banana na Agustan 2025, ya yi fice wajen sauya hoton da aka ba shi ba tare da ɓata kamannin fuska ba. Claude ba ya zana irin waɗannan hotuna, rubutu ne fagensa. Takunkumi yana da yawa a wannan rukuni, wani lokaci har a kan abin da ba shi da wata illa, kuma Grok ne ya fi sassauci, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Haɗarin kuwa na bayanai ne: hirar da aka yi a asusun talakawan masu amfani tana iya shiga horon na'ura idan ba a kashe wannan zaɓi ba, kuma a 2025 an ga hirarrakin wasu mutane a shafin jama'a na manhajar Meta AI saboda sun danna maɓallin rabawa ba su fahimci inda abin zai tafi ba.

Midjourney

David Holz ne ya kafa kamfanin a San Francisco, aka buɗe shi ga jama'a a Yulin 2022 ta cikin dandalin hira na Discord, daga baya aka samar da shafinsa na intanet wanda ya fi sauƙin sha'ani. An dakatar da gwajin kyauta a watan Maris na 2023, don haka sai an biya kafin a taɓa: dala 10 a wata a mafi ƙarancin tsari, sannan 30, sannan 60 zuwa sama.

Midjourney gwani ne wajen kyau, kuma wannan kyawun yana iya zama cikas ga mai raha. Ko wane shirme aka ba shi, sai ya yi masa haske da inuwa irin na ƙwararren mai ɗaukar hoto, ta yadda kyanwa mai tuƙa jirgin ruwa za ta fito tana ba da sha'awa maimakon dariya. Wanda barkwancinsa ya dogara da cewa abin ya yi kama da gaske, nan ne gidansa. Wanda yake jiran na'ura ta yi katoɓara kuwa zai daɗe yana jira, domin tun samfuri na biyar matsalar yatsu ta ragu ƙwarai. Ba ya rubuta labari ko barkwanci, kuma ba ya bin dogon umarni dalla-dalla kamar yadda ChatGPT yake yi. Wajen ɗorewa yana da ɗan dama-dama, tunda yana barin mutum ya koma tsofaffin samfura, waɗanda na farko-farkonsu suna da irin ruɗanin da masu neman abin mamaki suke so.

Abu ɗaya da sababbin masu amfani kan manta shi ne, hotunan da aka haɗa a Midjourney a bainar jama'a suke, tare da umarnin da aka rubuta, sai fa ga wanda ya biya tsari mai tsada da yake ba da damar ɓoyewa. Wanda zai ɗora hoton abokinsa domin zolaya ya kamata ya san da haka. Kamfanin kuma yana fuskantar ƙararraki kan haƙƙin mallaka, ciki har da wadda Disney da Universal suka shigar a Yunin 2025.

Stable Diffusion, Flux da na'urorin da ake girkawa a kwamfuta

Stability AI ne ya saki Stable Diffusion a Agustan 2022, bisa aikin masu bincike na jami'ar LMU da ke Munich da kamfanin Runway, kuma abin da ya bambanta shi shi ne kowa yana iya sauke shi ya ajiye a kwamfutarsa. Flux na kamfanin Black Forest Labs ya zo a Agustan 2024 da wasu samfura da ake saukewa haka nan. Manhajar kyauta ce, amma kwamfutar ba kyauta ba ce: ana son katin sarrafa hoto mai ƙwaƙwalwar da ta kai gigabayit 8 domin a ji daɗin aiki, kowane samfuri kuma yana cin gigabayit da dama wajen saukewa. Girka ComfyUI ko AUTOMATIC1111, manhajojin da ake sarrafa samfurin da su, yana buƙatar haƙuri, kuma mai fara koyo zai sha ganin saƙon kuskure kafin ya ga hoton farko.

Amma ga mai son wasa na gaske, babu zaɓin da ya kai wannan, kuma dalilin yana cikin yadda na'urar take aiki. Tana farawa ne da ɗigo-ɗigon hayaniya marasa siffa, irin wanda talabijin yake nunawa idan babu tasha, sannan ta riƙa sharewa mataki-mataki har siffar da ta dace da umarnin ta bayyana. A kwamfutarka, kai ne mai iko da kowane mataki. Idan ka rage matakan daga talatin zuwa huɗu ko biyar a tsohon samfuri, za ka ga doki da bai gama zama doki ba. Idan ka ɗaga ƙarfin bin umarni fiye da kima, launuka za su ƙone, fuskoki su murɗe. Idan ka riƙe lambar farawa ɗaya, wato lambar da take tantance ɗigo-ɗigon farko, kana sauya kalma guda a umarnin, za ka ga yadda hoto ɗaya yake rikiɗa sannu a hankali. Na'urar ba ta san cewa hannu yatsu biyar gare shi ba, abin da ta koya shi ne kusa da yatsa yawanci akwai wani yatsa, shi ya sa tsofaffin samfura ba sa sanin inda za su tsaya. Ko a Yunin 2024, lokacin da aka saki Stable Diffusion 3, abin da ya fi yawo a intanet shi ne hotunan mutum kwance a kan ciyawa da gaɓoɓi a cuɗe.

Haka abin yake a ɓangaren rubutu. Da manhajar Ollama ko LM Studio ana iya girka ƙananan samfuran rubutu irin su Llama ko Mistral, a ɗaga abin da ake kira zafin na'ura, wanda yake sa ta zaɓi kalmomin da ba su ne suka fi dacewa ba, har maganarta ta fara kamar ta mai hankali ta ƙare kamar ta mai mafarki. Ɗorewa a nan cikakkiya ce, domin fayil ɗin da ka sauke yana nan yadda yake ko da kamfanin ya rufe, kuma babu abin da yake fita daga kwamfutarka. Takunkumi kusan babu, wanda yake nufin duk alhakin abin da aka haɗa yana wuyan mai haɗawa. Akwai kuma haɗarin sauke fayil mai ɗauke da muguwar manhaja, don haka an fi son samfuran da suke cikin tsarin fayil na safetensors, wanda ya fi aminci.

Craiyon

Wannan shi ne shafin zana hoto da Boris Dayma ya ƙirƙira da sunan DALL-E mini, ya cika intanet a Yunin 2022 da hotuna tara-tara masu narkakkun fuskoki, sannan aka sauya masa suna bisa buƙatar OpenAI. Kyauta ne da talla, yana aiki a burauza, kuma yana da tsarin biya ga mai son sauri. Shi ma an inganta shi, ya rasa wani ɓangare na wautar da ta sa aka so shi, amma har yanzu ya fi sauran saurin kwaɓa abu.

| Zaɓi | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari | Irin dariya |
|---|---|---|---|---|---|
| ChatGPT, Gemini da makamantansu | Kyauta mai iyaka, ko kusan dala 20 a wata | Mai yawa | Kaɗan | Bayanan sirri, shaci-faɗi | Dabarar mutum, rubutu da hoto |
| Midjourney | Daga dala 10 a wata | Matsakaici | Matsakaiciya | Hotuna a bainar jama'a | Hoto mai kama da gaske |
| Stable Diffusion, Flux, Llama | Kyauta, sai kwamfuta mai ƙarfi | Kaɗan | Cikakkiya | Babu takunkumi, fayil marar aminci | Duka biyun |
| Craiyon | Kyauta da talla | Mai yawa | Matsakaiciya | Kaɗan | Kuskuren na'ura |

Abin da ya shafe su duka

Harshen umarni yana da tasiri. Manhajojin hira suna karɓar Hausa suna mayar da amsa da ita, ko da yake barkwancin da ya dogara da wasa da kalmomi yakan kuɓuce musu. Midjourney da Stable Diffusion kuwa an gina su ne galibi a kan hotuna masu bayanin Turanci, don haka umarnin Turanci suka fi ji.

Kafin a biya ko sisi, akwai gwaje-gwaje biyu da za su nuna halin kowace na'ura. A ce ta zana agogon hannu yana nuna ƙarfe uku da kwata: da yawansu za su mayar da hannayen kan ƙarfe goma da minti goma, saboda haka agogo yake a yawancin hotunan talla da aka horar da su da su. Sannan a ce ta zana doki yana hawan ɗan sama-jannati, a ga ko za ta juya abin ta ɗora mutum a kan doki kamar yadda ta saba gani. Wadda ta ci gwajin ta dace da mai dabara, wadda ta faɗi kuma ta dace da mai neman kuskure.

Haɗarin da ya fi kowanne girma shi ne hoto ya bar hannun wanda ya san wasa ne. Hoton Fafaroma ya ruɗi dimbin mutane, a Mayun 2023 kuma wani hoton bogi na fashewa kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya sa hannayen jari suka ɗan faɗi na wasu mintuna kafin a ƙaryata shi. Google yana saka ɓoyayyen tambari mai suna SynthID a hotunansa, amma wanda aka tura wa hoto a waya ba ya tsayawa binciken tambari. Saka fuskar mutum na gaske a yanayin da zai kunyata shi ba tare da yardarsa ba yana iya zama laifi a dokokin ƙasashe da dama. Wanda kuma yake tunanin sayar da abin da ya haɗa ya san cewa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Jason Allen rajista a 2023, duk da cewa hoton, wanda aka yi da Midjourney, ya ci gasar zane a baje kolin jihar Colorado a 2022.

Wanne ya dace da wa

Wanda yake son ya haɗa abin dariya jefi-jefi ya tura wa abokai, ɓangaren kyauta na ChatGPT ko Gemini ya ishe shi, kuma kada ya biya sai ya ga iyakar da aka sa masa tana yanke masa wasa a kai a kai. Wanda rubutu ne abin sha'awarsa, ya gwada umarni ɗaya a ChatGPT da Claude da Gemini, ya zauna da wanda ya fi riƙe salon da ya nema. Mai shafin barkwanci da yake buƙatar hotuna masu kama da gaske a kullum, dala 10 ta Midjourney ba asara ba ce, muddin ya yarda hotunansa su kasance a fili. Wanda yake son ganin na'ura tana shirme na rabin sa'a ba tare da buɗe asusun biya ba, Craiyon ne nasa. Wanda kuma ya riga yana da kwamfuta mai katin hoto, yana jin daɗin kwance abu ya ga cikinsa, kuma ba ya son wani kamfani ya sauya masa abin wasa da tsakar dare, ya girka Stable Diffusion, ya fara da tsohon samfurin 1.5 kafin sababbin. Sayen sabuwar kwamfuta domin wannan kaɗai kuwa bai kamata ba sai mutum ya yi watanni yana amfani da na kyauta bai gaji ba.